Kafin Ka Buɗe Rumfa, Buɗe Littafi

Wannan jawabi ne da wani dattijon ɗan kasuwa ya yi wa maza da matan da suka gama koyon sana'a a Dutse. Mun kawo shi yadda ya fito daga bakinsa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Na san wasunku sun taso tun da asuba daga Kiyawa, wasu daga Jahun, wasu daga Birnin Kudu da Buji. Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi muku magana a kan yadda ake fara ƙaramar sana'a, da abin da hukuma take nema ga mai sana'a. Ni ba lauya ba ne, ba kuma ma'aikacin banki ba ne. Ɗan kasuwa ne ni. Na taɓa karyewa, na kuma tashi. Bari in fara da labarin karyewar, don a nan darasin yake.

Yadda na cinye jarina

A ranar 27 ga watan Agusta na shekarar 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni. Ma'aikata suka yi ta tahowa daga Kano. Gari ya cika da baƙi, kowa yana neman sabulu da sukari da madara da kananzir. Sai na sayar da bijimina, na kama ɗan kanti, na zuba kaya.

Ciniki ya buɗe. Kullum da dare aljihuna cike yake. Daga aljihun nan nake cefane. Daga nan nake gudummawar biki da suna. Daga nan nake sari. Wanda ya ce in ba shi kaya sai ƙarshen wata, in ba shi, in ce ai na riƙe a kaina. Ban cika shekara biyu ba sai na ga kanta ta fara yin fili. Ran da na je sari, kuɗin hannuna ba su kai rabin na farko ba. Ba ɓarawo ya shiga ba, ba gobara aka yi ba. Ni ne na cinye uwar kuɗina da hannuna, ban sani ba.

Da na sake farawa, da tebur na fara. Abin da na fara saya kuwa ba kaya ba ne. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, da biro. To, abin da na zo in gaya muku ke nan yau. Sana'ar da ba a rubuta ta, mai ita yana tafiya ne cikin duhu. Sauran maganar duk a kan wannan za ta hau.

Zaɓen sana'a

Kada ka shiga sana'a don ka ga maƙwabcinka yana samu. Ka tambayi kanka abu uku. Na iya ta? Akwai masu saye kusa da ni? Kuɗina za su kai?

Allah Ya yi wa ƙasarmu arziki. Dutse ta yi suna wajen dabino, har gwamnatin tarayya tana da tashar binciken dabino a nan. Jiharmu tana cikin na gaba wajen noman riɗi da zoɓo. Ga gyaɗa, ga gero, ga shinkafa a fadamun Haɗejiya, ga awaki da tumaki. Ga kasuwannin mako kamar Shuwarin da Sara da Gujungu, ga kuma babbar kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ran Alhamis. Wanda ya saya a ƙauye ya kai kasuwa yana da abin yi. Wadda ta mai da gyaɗa mai da ƙuli-ƙuli tana da abin yi. Haka mai ɗinki, da mai kiwon rago, da mai gyaran babur, da mai cajin waya.

Kafin ka fitar da ko kwabo, je kasuwa sau uku ko huɗu, hannu a aljihu. Ka ji nawa ake saye, nawa ake sayarwa, nawa ne kuɗin mota, nawa dillali yake karɓa na la'ada. Ka zauna da wanda ya daɗe a sana'ar. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ka ji duka ka rubuta shi. Wannan shi ne shafin farko na littafinka.

Uwa daban, riba daban

Jari shi ne uwa. Riba ita ce 'ya. Ana shan nonon saniya, ba a yanka ta don miyar dare ɗaya. Amma mutane da yawa ba su san inda uwa ta tsaya riba ta fara ba. Bari mu yi lissafi tare. Misali ne kawai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Mu ɗauka wata baiwar Allah ta sari kaya na naira 80,000. Ta sayar da su duka a kan naira 96,000. Sai ta ce ta ci ribar naira 16,000. Ashe ba haka ba ne. Kuɗin mota 4,000. Ɗan dako 1,000. Kuɗin kasuwa 500. Leda da igiya 1,500. Abincin da ta ci a hanya 1,000. An tashi 8,000. Ribarta ta gaskiya 8,000 ce, ba 16,000 ba.

To, idan ta ɗauki naira 10,000 ta yi hidimar gida, tana jin ai cikin riba ta taɓa, ta gutsuri 2,000 daga jikin uwa ke nan. In ta yi haka mako goma, naira 20,000 sun tafi. Ba za ta gane ba sai ran da ta je sari. Abin da ya same ni ke nan.

Akwai wani tarkon kuma. Kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Mu koma wajen baiwar Allahn nan. Kuɗin da suka rage mata bayan ɗawainiya naira 88,000 ne. Idan ta koma kasuwa ta tarar kayan da ta saya 80,000 sun koma 90,000, ko kayan farko ba za ta iya maidowa ba. Saboda haka, in za ka sa wa kayanka kuɗi, kada ka dubi nawa ka saya kaɗai. Ka dubi nawa za ka sake sayowa.

Maganin cin uwa abu biyu ne. Na ɗaya, aljihu biyu: na sana'a daban, na gida daban. Na biyu, ka yanka wa kanka albashi. Ka ce kullum ko kowane mako nawa kaza zan ɗauka, ba ƙari. Ko sabulu ɗaya ka ɗauka daga tebur ka kai gida, ka biya ko ka rubuta.

A nan ina da magana da mu maza. Dukiyar mace tata ce, haka shari'a ta ce. Idan maiɗakinka ta fara sana'a, kada jarinta ya koma kuɗin cefane. In ka ranta, ka bari ta rubuta, ka kuma biya. Sana'ar mata da yawa a ƙauyukanmu ba kasuwa ce ta kashe ta ba, tukunyar gida ce.

Yadda ake riƙe littafi

Ba wuya. Ka buɗe littafi, ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ka sami gida huɗu. Gidan farko kwanan wata. Na biyu bayanin abin da aka yi. Na uku kuɗin da suka shigo. Na huɗu kuɗin da suka fita. Kullum bayan sallar isha'i ka rubuta na ranar. Kada ka bari sai gobe, don mantuwa ba ta sallama.

Ƙarshen wata ka ƙirga kayan da suka rage da kuɗin da ka saye su. Ka haɗa da kuɗin hannu, da bashin da kake da tabbacin za a biya ka. Ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na yau. Ka gwada shi da na watan jiya. Nan take za ka san gaba kake yi ko baya.

Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba, ya rubuta da ajami. Wadda ba ta gama ƙwarewa ba, ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta, amma ta zauna kusa ta ji abin da ake rubutawa.

Bashi da haɗin gwiwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba za ka yi kasuwanci a garinku ba ka ba da bashi ba. Amma ka yi masa iyaka. Ka ware bayan littafi don masu bashi: suna, kaya, kuɗi, da ranar biya. Ka rubuta a gaban mutumin, ka karanta masa. Wanda bai biya na farko ba, kada ka ƙara masa na biyu, ko da ɗan'uwanka ne. Malamanmu sun sha gaya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Kare zumunci ne.

Haka in za ku haɗa jari ku biyu, ko wani ya kawo kuɗi kai ka kawo ƙarfi. Tun kafin a fara ku yanke yadda za a raba riba, da abin da za a yi in an faɗi, da yadda za a rabu in wani ya gaji. Ku rubuta, ku sa hannu, shaidu biyu su sa hannu. Haka in ka kama hayar shago: kuɗin shekara nawa, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai yi gyara. In da hali a yi a gaban mai unguwa. Mutum yana iya rasuwa, magada kuwa takarda suka sani.

Takardun hukuma, ɗaya bayan ɗaya

Yanzu mu zo ga abin da yake tsorata mutane. Wasu suna jin an ce rajista sai gabansu ya faɗi. Ba abin tsoro ba ne. Tsani ne, ana hawansa taki-taki, kuma ba kowa ne sai ya kai ƙarshensa ba.

Takin farko shi ne shaidar kai. Ka mallaki lambar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda hukumar NIMC take bayarwa. Sai lambar banki, wato BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya shigo da ita a 2014. Kowace lamba goma sha ɗaya ce. Ka lura sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a duka biyun. In nan an rubuta Muhammadu, can an rubuta Mamman, wata rana za ka sha zirga-zirga.

Taki na biyu shi ne ƙaramar hukumarku. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Saboda haka maganar rumfa a kasuwa da kuɗinta, da izinin shago, a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yi. Ka fara da sarkin kasuwa da shugaban 'yan sana'arku, za su nuna maka ƙofar. Mai sayar da abinci kuma ya san duba-gari zai zo. Tsafta ake nema gare shi: ruwa mai kyau, abinci a rufe, wuri a share.

Taki na uku shi ne rajistar sunan kasuwanci. Hukumar da ke yin ta ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAC. Dokar 1990 ce ta kafa ta, aka kuma sabunta dokar a watan Agustan 2020. Ga abin da ya kamata ku riƙe. Idan da sunanka na gaskiya kaɗai kake kasuwanci, ba ƙari a jikinsa, doka ba ta tilasta maka rajista ba. Amma idan ka raɗa wa sana'arka wani suna, ko ka ƙara wani abu a jikin naka, kamar ka ce wane da 'ya'yansa, to doka ta ba ka kwana 28 daga ran da ka fara ka yi rajista.

Yanzu ta intanet ake yin ta. Ana neman sunan da ka zaɓa, don a duba ko wani ya riga ka. Ana neman NIN ɗinka, da hotonka, da sa hannunka, da adireshin wurin sana'a, da irin sana'ar, da lambar waya. In ba ka iya ba, ka nemi ɗanka mai sanin kwamfuta, ko wakilin da hukumar ta yarda da shi, ko ka je ofishinta ka yi tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata. Kuɗin rajista yana sauyawa, don haka ka tambayi na yanzu, ka kuma karɓi rasiɗin biya. In takarda ta fito, ka sa a duba maka sunan a shafin hukumar, don akwai masu buga ta jabu.

Me rajista za ta amfana maka? Banki ba zai buɗe maka asusu da sunan sana'arka ba sai da ita. Wani ba zai yi rajistar sunanka ba. Makaranta ko asibiti ko kamfanin da zai sayi kaya da yawa yakan nemi ganinta. Masu ba da rance da tallafi su ma sukan tambaya. Sai dai tana da nauyi. Kowace shekara, ban da shekarar da ka yi rajistar, sai ka kai wa hukumar rahoton shekara kafin 30 ga watan Yuni ta wuce. In ka yi sakaci tara tana taruwa.

Ku kuma gane wannan. Rajistar suna ba ta raba ka da sana'arka. In sana'ar ta ci bashi, kai ake bi, har gonarka da akuyarka. Kamfani ne doka take ɗauka kamar wani mutum daban. Tun daga 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani, amma ɗawainiyarsa ta fi yawa. Mai farawa ba ya bukatarsa tukuna.

Taki na huɗu na wasu sana'o'i ne na musamman. Mai toya ƙosai a ƙofar gida ba ta neman lambar kowa. Amma ran da ka zuba man gyaɗa ko zoɓo ko ruwan sha a roba ko leda, ka liƙa masa suna don a kai shaguna, ka shiga hurumin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Haka mai sabulu da man shafawa. Sai sun duba wurin aikinka da kayanka kafin su ba da lamba. Kada ka kuskura ka liƙa lambar wani a kayanka. Laifi ne babba. Mai son buɗe shagon magani kuma sai ya sami lasisi daga hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, don rai ake magana. Samarinmu masu sana'ar POS su ma, tun a 2024 aka umarce su su yi rajista da CAC.

Maganar haraji

Kuɗin da hukuma take karɓa iri biyu ne ga ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai na rumfa da na kasuwa da na shago, waɗanda ƙaramar hukuma take karɓa. Akwai kuma harajin abin da mutum ya samu a shekara, wanda hukumar tara kuɗin shiga ta jiha take karɓa.

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a cire musu harajin kuɗin shiga. Wato kamar naira 66,000 da ɗoriya a wata. Ga ɗan kasuwa kuwa, riba ake dubawa, ba yawan ciniki ba. To, da me za ka nuna ribarka ba ta kai haka ba? Da littafinka. Wanda ba shi da littafi, ƙiyasi za a yi masa, kuma mai ƙiyasi kayan da ya gani a kanta yake kallo, bai ga kuɗin mota da bashin da ya maƙale ba.

Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi rasiɗi mai sunan hukuma da kwanan wata da adadin kuɗi. Wata shekara wani mutum ya zo shagona da jaka a hamata, ya ce kuɗin shago ya zo karɓa. Na ba shi, ya ce rasiɗi ya ƙare sai gobe. Bayan mako biyu masu karɓa na gaskiya suka zo. Ashe wancan ɗan damfara ne. Sau biyu na biya. Tun daga ran nan na sami gwangwani mai murfi, kowane rasiɗi a ciki yake kwana.

Haƙƙin Allah ma yana nan. In dukiyar kasuwancinka ta kai nisabi, ta kuma shekara, akwai zakka, naira biyu da rabi a cikin kowace ɗari. Ka tambayi malamin garinku nisabin bana. Shi ma ba zai iya yi maka lissafi ba sai ka san abin da ka mallaka.

Banki, rance da ƙungiya

Kuɗi a ƙarƙashin katifa abincin gara ne da gobara da ɓarawo, da kuma ɗan'uwa mai larura. Ka buɗe asusu, in da hali na sana'a daban. Waɗanda suka yi kasuwanci a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sun ga yadda masu asusu suka ci gaba da ciniki ta waya, marasa shi suka zauna. Kuɗin da ka ajiye a bankin da ke da lasisi yana da inshora daga hukumar NDIC. Tun daga 2024, in babban banki ya durƙushe tana biyan mai ajiya har naira miliyan biyar, in ƙaramin banki ne har miliyan biyu.

Amma ka kiyaye abu biyu. Lambar sirrin katinka kada ka gaya wa kowa, ko da ya bugo waya ya ce daga banki yake. Banki ba ya tambayarta. Sannan kada ka miƙa kaya don an nuna maka saƙo a waya cewa an turo kuɗi. Ka duba naka asusun ka ga sun shiga.

Game da rance, shawarata ita ce kada ka fara sana'a da shi. Ka fara da naka, ko da kaɗan ne, ko da na adashi ne. Sai sana'a ta kama ƙasa, littafi ya nuna tana riba, sannan ka yi tunanin ƙari. In za ka karɓa, ka tambaya: nawa zan karɓa a hannu, nawa zan mayar gaba ɗaya, yaushe, kuma me zai faru in na makara? In an ce biyar cikin ɗari, ka tambaya a wata ne ko a shekara. Biyar cikin ɗari a wata kan naira 100,000, naira 5,000 ne kowane wata, wato 60,000 a shekara. Sana'a nawa ce take kawo haka? Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.

Ga waɗanda ba sa son mu'amala da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa karɓarsa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019. Irin waɗannan sukan sayi kayan da kake so, kamar keken ɗinki ko injin niƙa, su sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Shi ma bashi ne, sai an biya. Akwai kuma Bankin Manoma, da hukumar SMEDAN da aka kafa da dokar 2003 don taimaka wa ƙananan masu sana'a da horo da shawara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma suna iya haɗuwa su yi rajistar ƙungiyar gama kai a sashen ƙungiyoyi na ma'aikatar ciniki ta jiha. Ƙungiya tana sari da yawa a sami sauƙi, tana ɗaukar mota ɗaya a raba kuɗi, kuma an fi sauraronta a banki. Amma a zaɓi ma'aji mai amana, a karanta lissafi a gaban kowa a kowane taro. Ko adashi kuke yi, uwar adashi ta riƙe littafi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne masu cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin bayan wata. A ƙarshen 2016 wani shiri mai suna MMM ya tsaya da kuɗin mutane masu yawa a ƙasar nan. A watan Afrilun 2025 wani mai suna CBEX ya sake yin haka. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ran da sababbi suka daina shigowa sai a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka a tallafin gwamnati. Ka je ofishin da kanka ka tambaya.

Abin da za ka yi a makon nan

Jama'a, na tsawaita. Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Gobe ka sayi littafi da biro. Ka rubuta jarinka a shafin farko, ko da naira dubu biyar ne. Ka ware aljihun sana'a da na gida. Ka duba NIN da BVN ɗinka ko sunan ya yi daidai. Ran kasuwa ka je wajen sarkin kasuwa ka ji abin da ake biya. Ka sami gwangwanin rasiɗi. Sauran takardu, ka hau su lokacin da sana'arka ta kai gare su.

Ka cika mudu, ka faɗi aibin kaya, ka cika alkawari. Mai saye da ka cuta sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa mutum goma. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Ni da na karye da kanti, da tebur na tashi, kuma littafin nan na farko har yau yana cikin akwatina.

Allah Ya sa albarka a abin da kuka koya. Allah Ya ba mu halal mai amfani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.